Tambaya da Amsa: Wai da gaske na'ura na gane irin kifi tun yana can ƙasan teku?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo a kan abu ɗaya suka taru, wato na'urar nan ta sauti da manyan jiragen kamun kifi suke aiki da ita a teku, wadda ake cewa tana gane kifi tun kafin a jefa raga. Na tsinto waɗanda suka fi kama hanya na bar su yadda masu su suka rubuto, waɗanda suka yi kama da juna kuma na haɗe su wuri ɗaya don kar mu yi ta nanata magana.

TAMBAYA: Salam Malam ya aiki. Dan Allah naji ance wai manyan jiragen su suna da wata naura da take nuna musu kifi a karkashin ruwa, to wai kyamara ce ko me? Ni dai a sanina can kasan teku ai duhu ne. Daga wani mai bibiyar fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, aiki da godiya. Ba kyamara ba ce, kuma maganarka ta duhu gaskiya ce, hasken rana ba ya wani nisa a ruwa, da an wuce kamar mita 200 sai ɗan abin da ba a rasa ba, a mita 1000 kuwa duhu ne ƙirin ko da tsakar rana. Amma sauti shi ruwa ba ya tare shi. A iska yana tafiyar kusan mita 340 a sakan ɗaya, a ruwan teku kuwa wajen mita 1500, ka ga ya ninka sau huɗu har da ɗoriya.

To abin da ake yi shi ne, a ƙasan jirgin akwai wani faifai da aka manna, shi ne bakin na'urar shi ne kuma kunnenta. Sai ya harba ɗan guntun sauti ƙasa ya yi shiru yana jira, duk abin da sautin ya ci karo da shi, ƙasan teku ne ko kifi ko wani tarkace, sai wani ɓangare ya dawo, amsa-kuwwa kenan. Kwamfuta kuma tana riƙe da lokaci. In amsar ta dawo bayan sakan 0.2, sautin ya yi tafiyar mita 300 zuwa da dawowa, a raba biyu, abin yana zurfin mita 150. Shi ke nan lissafin, sai dai ana maimaita shi ba tsayawa.

In ka shiga ɗakin kyaftin za ka ga allo hoto yana ta jan jiki daga dama zuwa hagu. Ƙasan teku yana fitowa kamar wani jan layi mai kauri a can ƙasa, kifi guda ɗaya yana fitowa kamar ɗan baka a kife, saboda lokacin da ya shigo gefen sautin yana ɗan nesa, da ya zo tsakiya ya matso, da zai fita ya sake nisa. Gungun kifi kuwa dunƙule yake fitowa, tsakiya ja ko ruwan ƙasa inda suka cunkushe, gefe-gefe kore da shuɗi. Babu ido babu wutsiya babu komai, launi ne kawai da ke nuna ƙarfin amsa-kuwwa.

Kuma abin ba sabo ba ne. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 aka fara neman hanyar gano abin da ke cikin ruwa da sauti, wani Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar dabarar auna zurfi da amsa-kuwwa a 1913. A 1935 wani masanin ƙasar Nowe, Oscar Sund, ya wallafa hoton amsa-kuwwar kifin kod da suka taru yin ƙwai a yankin Lofoten. Sai 1948 wasu 'yan'uwa biyu a Nagasaki ta Japan, masu kamfanin Furuno, suka fara sayar wa masunta irin wannan na'ura.

TAMBAYA: Malam na gane tana nuna akwai kifi. Amma abinda ya daure min kai shine yadda zaa ce ta gane wannan sadin ne wannan tuna ne, alhali ba ganinsu take ba. Ko dai kifin kowanne da irin karar da yake maidowa? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama kin kusa faɗa da kanki. Sirrin yana cikin cikin kifin ne. Yawancin kifaye suna da wata 'yar jakar iska a ƙarƙashin ƙashin baya, da ita suke daidaita kansu a ruwa, ba su nutse ba ba su taso ba. To naman kifi kusan duk ruwa ne, don haka sauti ratsa shi yake ya wuce, kaɗan ke dawowa. Amma da ya ci karo da iska sai ya dawo da ƙarfi. A kifin da ke da wannan jaka, kashi 90 cikin 100 ko fiye na amsa-kuwwar daga jakar take fitowa, duk da ita ɗin 'yar mitsitsiya ce in an kwatanta da jikinsa. Ki ƙwanƙwasa jarka cike da ruwa ki ƙwanƙwasa wadda ba komai a ciki, ko idonki a rufe kin san wacce ce wacce. To kusan haka.

Daga nan rabuwar farko ta fito, masu jaka da marasa jaka. Kifin herin yana da ita, makarel na tekun Atlantika ba shi da ita sam. Su biyun kuma sukan yi yawo a ruwa ɗaya a arewacin Turai, kuma kowanne da kason da hukuma ta yanka wa jirgi.

Sai dabara ta biyu, wadda a ganina ita ce gishirin abin. Ba da murya ɗaya ake tambayar kifin ba. Na'urorin bincike irin EK60 da EK80 na kamfanin Simrad suna harba sauti kala-kala kusan a lokaci guda, daga mai kauri zuwa siriri: kilohaz 18, 38, 70, 120, 200, har 333. Kilohaz ɗaya na nufin sautin ya kaɗa sau dubu a sakan. Kunnen mutum iyakarsa wajen 20, kin ga banda na farkon duk sauran ba ma jin su. Kowane irin halitta da yadda yake amsa kowace murya. Herin da sauran masu jakar iska suna amsawa da ƙarfi a masu kauri, su 18 da 38, in aka hau sama amsar ta ɗan ragu. Makarel kuwa akasin haka ne, a 38 da ƙyar ake ganinsa, amma a 200 sai ya fito ɓaro-ɓaro, don a nan nama da ƙashi ne ke amsawa. Kiril, waɗannan ƙananan halittu masu kama da jatan lande da ake kamawa a tekun Antatika, sun fi fitowa a 120 fiye da 38, kuma da wannan bambancin masu bincike suke ware su daga kifi. Dalilin ba wani boyayye ba ne: zangon sautin 38, wato tazarar da ke tsakanin kaɗawa ɗaya da ta gaba, tsawonsa wajen santimita 4 ne, na 200 kuwa bai kai santimita ɗaya ba, shi ya sa siririn yake iya kama ƙananan abubuwa da mai kaurin zai tsallake.

Sai a jera hotunan gefe da gefe, ko kwamfuta ta zana layin da ke nuna yadda amsar ta hau ko ta sauka daga wannan murya zuwa waccan, wannan layin shi ne kamar sa hannun kifin. Sababbin na'urori ma ba sa tsayawa kan murya biyar ko shida, sauti ɗaya suke ja daga mai kauri ya zarce zuwa siriri a harbi guda, sai layin ya fito a cike ba a gutsuttsure ba, kuma suna iya raba kifi biyu da ke dab da juna.

Amma fa kar ki ɗauka na'ura kaɗai ke aikin. Kyaftin ɗin da ya daɗe a ruwa yana haɗawa da abubuwa da yawa: siffar gungun, dogo ne a tsaye ko shimfiɗe yake, a wane zurfi, yana manne da ƙasa ko yana tsakiyar ruwa, wane wata ake ciki, dare ne ko rana, ruwan da sanyi ko da ɗumi, da kuma yadda gungun yake gudu in jirgi ya matso. Ban da wadda ke kallon ƙasa akwai wata na'urar sauti da ake kira sona da ke leƙa gefe tana zagaye jirgin, da ita yake bin gungun daga nesa, ya zagaya shi ya sake zagayawa yana duba girmansa da inda ya dosa kafin ya ce a saki raga. Duk wannan in an tara shi ne yake ba da "wannan herin ne". Hasashe ne mai ƙarfi, ba gani da ido ba.

TAMBAYA: Ni fa yaro ban yarda da wannan zance ba. Shekara da shekaru ina harkar ruwa, kifi sai ya fito ake sanin ko wanene. Kana nufin wannan naurar bata kuskure? Daga wani dattijo.

AMSA: Baba ranka ya daɗe, tana yi, kuma ba kaɗan ba. Maganarka ma ita ce masu binciken kansu suke bi, domin har gobe in jirgin bincike ya ga gungu a allo sai ya jefa raga ya ɗebo samfuri, a zube a kan tebur a ƙirga a auna tsawo, sannan a rubuta cewa abin da aka gani kaza ne. Wasu yanzu har kyamara suke sawa a cikin ragar tana ɗaukar hoton duk kifin da ya wuce, don a san a wane zurfi kowanne ya shiga.

Wuraren da take tuntuɓe suna da yawa. Kifi biyu masu jakar iska kusan iri ɗaya, masu girma ɗaya, in suka cakuɗu a gungu guda, raba su sai an sha wuya, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Sannan kifi ɗaya tak amsarsa tana canzawa. In ya miƙe sambal jakar tana fuskantar sama, amsa da ƙarfi. In ya ɗan karkata kai ƙasa ko sama sai amsar ta faɗi warwas, a allo ya koma kamar ƙaramin kifi alhali shi ne dai. Zurfi ma haka, a mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama sau biyu, to irin su herin da ba sa iya cika jakarsu a can ƙasa, in suka nutsa sai jakar ta matse amsar ta ragu.

Akwai kuma kifin da ke kwance a ƙasa, irin masu faɗin nan. Su amsarsu tana narkewa cikin ta ƙasan teku, na'ura ba ta ganinsu kwata-kwata. Can sama dab da jirgi ma akwai 'yan mitoci da ba ta gani, ga kumfa in teku ta tashi, ga ƙarar injin jirgin da ke korar kifin tun kafin a iso kansa. Sai matsalar nisa: siririn sauti da ya fi taimakawa wajen tantancewa shi ne kuma yake saurin mutuwa, na 200 'yan ɗaruruwan mitoci ne iyakarsa, mai kauri ne ke kaiwa mita dubu da wani abu. Wato daidai inda kifi ya yi zurfi nan muryoyin da za a tambaye shi da su suke raguwa.

Kai har ƙasan teku ta ƙarya na'urar ta taɓa nunawa. Lokacin yaƙin duniya na biyu masu aiki da sona na sojan ruwan Amurka sun riƙa ganin kamar ƙasa a zurfin mita 300 zuwa 500 a wurin da aka san zurfin ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma wai da dare sai ƙasar ta taso sama, da asuba ta koma. Ashe tarin ƙananan kifaye ne da wasu halittu, masu hawowa cin abinci da dare.

Shi ya sa masu bincike ba sa yarda da na'urar haka kawai. Kafin a fita aiki sai a kai jirgi wuri mai kwanciyar ruwa, a ɗaure wata 'yar ƙwallon ƙarfe mai tauri, faɗinta milimita 38.1, da zaren kamun kifi guda uku, biyu ta wannan gefe ɗaya ta wancan, a zura ta ƙarƙashin jirgi a yi ta jan zaren a hankali ana yawo da ita cikin sautin. An riga an san daidai ƙarfin amsar da ƙwallon za ta bayar, in na'ura ta nuna wani abu daban sai a gyara ta. Aiki ne mai cin rai, awa da awanni, amma in ba a yi ba duk lissafin da zai biyo baya shirme ne.

TAMBAYA: To wai duk wannan wahalar ta mecece? Kifi ai kifi ne, duk wanda ya shiga raga a sayar mana.

AMSA: Ɗan'uwa da haka ne da an huta. A manyan wuraren kamun kifi na duniya kowane jirgi da kason da aka yanka masa na kowane irin kifi, in ka cinye kasonka na makarel ka sake kamo makarel ka jawo wa kanka magana. A da abin da ake yi shi ne a tsince wanda ake so a watsar da sauran cikin teku, mafi yawa a mace. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a rahotonta na 2019 ta ƙiyasta ana zubar da wajen tan miliyan 9 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake kamawa. Nowe ta hana zubar da kod tun 1987, Tarayyar Turai kuma ta shigo da dokar cewa kifin da ke da kaso in ka kama dole ka kawo shi tudu a lissafa maka, ta fara a 2015 ta kammala a 2019. To ka ga yanzu kuskuren raga ɗaya asara ce ta gaske.

Kuma ba a cewa ai in an ga ba shi ba ne sai a buɗe raga a sake su. Irin ragar nan da ake zagaye gungu da ita a tsuke ta ƙasa, in an riga an matse kifin sun gogi juna ɓawonsu ya zube iska ta ƙare musu, ko an sake su da yawa mutuwa suke yi daga baya. Amfanin na'urar na gaskiya a nan yake, ka san abin da ba ka so tun kafin raga ta taɓa ruwa.

Dubi harkar tuna. Tuna suna son taruwa ƙarƙashin duk abin da ke yawo a kan ruwa, sai masunta suke sakin wasu tarkace da gangan da 'yar na'urar sauti a jiki, tana aiko wa jirgi saƙo ta tauraron ɗan'adam cewa kifi kaza ya taru. Wanda aka fi nema shi ne sikifjak, ƙaramin tuna mai zane a tumbi, shi ne fiye da rabin tunan da ake kamawa a duniya kuma yana saurin hayayyafa. Amma a wuri ɗaya ƙananan 'ya'yan tuna mai manyan idanu da mai rawayan fiffike suke taruwa, waɗanda ya kamata a bari su girma. Abin sha'awa, sikifjak ba shi da jakar iska, waɗancan biyun suna da ita. Don haka in na'urar tana da murya biyu ko uku maimakon ɗaya, ana iya ƙiyasta wanne ya fi yawa a ƙasa kafin jirgi ya ƙona mai ya je. Raba mai manyan idanu da mai rawayan fiffike kuwa, tunda duk masu jaka ne, wannan har yanzu ana fama.

TAMBAYA: Malam wannan karar da ake harba musu bata cutar dasu? Kuma wai dagaske kifi yana magana? Yarana ne suka dameni da tambaya. Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya a gaida yaran. Yawancin kifaye sauti mai kauri suke ji, ƙasa da kilohaz ɗaya ko 'yan kaɗan, don haka na'urar da ke aiki a 38 ko 120 ba su ma san tana yi ba. Akwai 'yan tsiraru irin wani dangin herin na Amurka da ake kira shad da ke jin siririn sauti har wajen 180. Waɗanda abin ya fi shafa su ne dolfin da wel masu haƙora, manyan dabbobin nan na teku, don su da sauti suke farauta kuma suna jin waɗannan muryoyin. Sai dai a bambanta, mace-macen wel da aka danganta da sona, kamar na tsibiran Bahamas a 2000 da na Kanari a 2002, sonar sojan ruwa ce mai tsananin ƙarfi da ke tafiya nesa, ba irin ta masunta mai kallon ƙasa ba.

Maganar magana kuwa, ki ce musu eh, iri sama da 800 an san suna fitar da sauti. Wasu suna kaɗa jakar iskar da tsoka kamar ganga, wasu suna goga ƙashi ko haƙora. Kod yana gurnani lokacin yin ƙwai. Wannan ma wata hanya ce ta gane kifi, a zura makirfo na ruwa a yi shiru a saurara ba tare da an harba komai ba, a gane wane iri ne ya taru kuma yaushe, sai a rufe wurin har su gama.

Ga wanda zai ba su dariya. Bayan wani jirgin yaƙi mai nutso na Tarayyar Sobiyet ya maƙale a gaɓar Suwidin a 1981, sojan ruwan ƙasar suka shafe shekaru suna jin wata ƙara tas-tas-tas a ruwansu suna zaton jiragen abokan gaba ne. Sai a shekarun 1990 aka ba wasu masana halittu biyu, Magnus Wahlberg da Håkan Westerberg, suka saurara, ashe herin ne ke sakin iska ta baya, a gafarce ni. Har lambar yabo ta barkwanci, Ig Nobel, aka ba su a 2004.

TAMBAYA: Mai karamin jirgi ko kwalekwale zai iya amfani da ita?

AMSA: Zai iya, akwai ƙanana masu aiki da batir, wasu ma da waya ake haɗa su. Za su nuna maka zurfi, da yanayin ƙasa, da inda kifi ya taru. Amma 'yan hotunan kifi da wasu ke zanawa a allo kar su ruɗe ka, kumfa ko ciyawa ma sai ta zana maka kifi. Tantance iri kuwa ba aikinsu ba ne.

TAMBAYA: Slm Malam ni dalibi ne. Naji ance yanzu AI ke karanta hotunan, kuma ana kirga kifin teku gaba daya da sauti. Tambayata itace, in jirage suna ganin kifi haka duk inda ya buya, ba zasu karar dashi ba?

AMSA: Ƙanena tambayoyi uku ka cusa a ɗaya, bari mu bi su. Maganar AI, wato kwamfuta mai koyo daga misalai, gaskiya ce. A da mutum ne zai zauna gaban allo yana zagaye gungu ɗaya-ɗaya yana sa masa suna, yanzu ana koya wa kwamfuta da tsofaffin hotunan da mutane suka riga suka yi wa alama. Cibiyar binciken teku ta Nowe ta gwada haka a kan wani siririn kifi mai shiga yashi a Tekun Arewa, shi ma marar jakar iska. Sai dai kwamfutar abin da aka koya mata shi ta sani, in masu alamar farko sun yi kuskure ita ma ta gaje shi, in kuma aka kai ta wani teku mai wasu kifaye sai an sake koya mata.

Ƙirga kuma ba ɗaya-ɗaya ake yi ba. Jirgin bincike yana bin layuka a jere yana tara jimillar amsa-kuwwa, a raba da amsar da kifi ɗaya mai matsakaicin girma yake bayarwa, a samu kiyasin yawa. Da haka Peru take duba ɗan ƙaramin kifin nan ancobeta kafin ta yanka kaso, kuma a 2023 ta soke kakar farko gaba ɗaya a babban yankin kamunta saboda ruwa ya yi ɗumi kuma ƙanana sun yi yawa. Jirgin bincike Dr Fridtjof Nansen, na haɗin gwiwar Nowe da FAO, tun 1975 ake irin wannan aiki da sunansa a tekunan Afirka da Asiya. A 2020 da korona ta hana jiragen bincike fita, Amurka jirage marasa matuƙi ta tura Tekun Bering da na'urar sauti suka yi awon kifin folok.

Tsoronka na ƙarshe kuwa yana da tushe, don ya taɓa faruwa. Kod na gaɓar Niyufanlan a Kanada, a 1968 an kama sama da tan 800,000. Kifin yana ta raguwa, amma ragowar sai suka riƙa dunƙulewa wuri ɗaya, manyan jirage kuma da na'urorinsu suna gano dunƙulen suna cika raga kamar kullum, sai alƙaluman kamu suka riƙa nuna kamar lafiya lau, alhali masu ƙananan jirage na bakin gaɓa tuni suke kukan kifi ya yi ƙaranci kuma ya ƙanƙance. A watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki. Sai 2024 aka sake buɗe shi a matsayin kamun kasuwanci, da kason tan 18,000 kacal.

Ni a nawa ganin matsalar ita ce na'urar gano inda kifi yake ta riga na'urar gane wane kifi ne da kusan shekara hamsin, kuma har yau ta farkon ta fi kaifi kuma ta fi yawa a jirage. Kiyasin FAO na 2021 ya nuna kashi 37.7 cikin 100 na rukunan kifin teku da ake bibiya ana kama su fiye da ƙima. Tunda kai ɗalibi ne, in fannin ya ba ka sha'awa ka riƙe lissafi da fiziks da kyau, ka haɗa da ilimin halittun ruwa da ɗan rubuta manhaja, don masu wannan aiki duk huɗun suke taɓawa. Sauran tambayoyin da suka shafi kiwon kifi a keji da yadda ake auna su da sauti sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.